Na ƙara asinik don in gyara ZB, sai WZ ta fito: a ina na kuskure?

Ɗalibar Fiziks:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Mako na uku ke nan wani abu ya ɗaure min kai. Ina tsirar da nanowaya, siraran wayoyin kiristal da ido ba ya gani, na galiyom asinaid, wato GaAs, a kan farantin silikon cikin injin MBE, mai feso atam kan faranti a wurin da aka zuƙe iska. Ba na sa zinare, ɗigon galiyom ɗin kansa ne ke jan wayar. Na farko sun fito da tsarin ZB amma cike da tagwaye tun daga gindi har sama. Sai na karanta aikin wasu masu bincike a Ostareliya na 2010, wanda ya nuna cewa in aka rage zafi aka ƙara yawan sinadarin rukuni na biyar a kan na uku, wato asinik a kan galiyom a wurina, ZB tsantsa ake samu. Na ƙara asinik kamar yadda na fahimta. Da muka duba a TEM, madubin lantarki mai nuna jerin atam, jiya, kusan rabin wayar daga sama ya koma WZ. Abin da nake gudu shi na je na tarar. Takardar ce ba daidai ba, ko ni ce ban iya karatu ba?

Ɗan Kallo:
Wa alaikumus salam. Don Allah kafin manya su fara, a tausaya mana mu da ke gefe. Mene ne ZB, mene ne WZ? Ni na ɗauka sinadari ɗaya tsari ɗaya gare shi.

Tsohon Malami:
Matambayi ba ya ɓata, ɗana. Ka samo ƙwallaye masu girma ɗaya ka jera su a ƙasa, kowace tana taɓa maƙwabtanta shida. Wannan sahu na ɗaya ne, mu kira shi A. Sahu na biyu zai zauna a cikin ramukan da ke tsakanin na farko, shi ne B. Rigimar tana kan sahu na uku, domin wuri biyu gare shi: ko ya koma daidai saman A, ko ya zauna a wani sabon wuri, C. In aka yi ta tafiya ABCABC, shi ne zinkbilen, ZB, mai siffar kubu. In aka yi ABAB, shi ne wurzait, WZ, mai kusurwa shida. A GaAs kowace ƙwallo ka ɗauke ta a matsayin atam biyu, galiyom ɗaya asinik ɗaya. Sunayen daga ma'adinan zinki da sulfa aka aro su, domin shi wannan sinadari yana fitowa da siffofin biyu a ƙasa. Shi wurzait ma sunan wani masanin kemistiri ɗan Faransa ne, Wurtz, aka ba shi.

A babban kiristal, GaAs da InP (indiyom fosfaid) da InAs (indiyom asinaid) da GaP (galiyom fosfaid) duk ZB suke yi. GaN (galiyom naitiraid) kuwa WZ ce al'adarsa. Amma bambancin makamashi tsakanin siffofin biyu a GaAs kaɗan ne ƙwarai, kimanin 24 meV (ƙaramin ma'aunin makamashi ne) ga kowane atam biyu. A zafin digiri 500 na salshiyas, motsin da zafi ke ba atam ya kai kusan 67 meV. Ka ga ke nan ba wani babban shinge ba ne. Tagwaye kuma, waɗanda 'yata ke kuka da su, kuskure ɗaya ne a jeri: ana cikin ABC sai ya juya ya koma CBA, kamar an murɗa kiristal ɗin da digiri 60.

Ɗan Kallo:
Na gode Malam, wannan ya shiga. To ita wayar, yaya ake yi ta tsaya siririya ba ta bazu ba?

Mai Injin:
Bari in ɗauke wa Malam wannan. Ana ajiye ɗigon ƙarfe narkakke a kan faranti, sai a turo tururin sinadaran. Ɗigon ya yi ta sha har ya ƙoshi ya wuce ƙima, sai ya fara amayar da kiristal a ƙarƙashinsa, sahu bayan sahu, yana hawa sama a kan abin da ya gina. Faɗin ɗigon shi ne faɗin wayar. Wagner da Ellis ne suka fara bayyana wannan hanya a 1964 a Bell Labs, da silikon da zinare. Abin mamakin shi ne zinare sai digiri 1064 yake narkewa, silikon 1414, amma in sun haɗu suna narkewa tun daga 363. Kaurin sahu ɗaya a GaAs nanomita 0.326 ne, don haka waya mai tsawon maikiromita ɗaya tana da sahu sama da 3000, kuma a kowane ɗaya sai an sake yanke hukunci: C ko A.

Ƙanwata, tambaya ɗaya: takardar nan ta 2010, da wane inji suka yi, kuma da wane ɗigo?

Ɗalibar Fiziks:
MOCVD ne, Yaya, injin da ke kawo sinadaran a matsayin iska, da ɗigon zinare. Na lura da hakan, amma na ɗauka tunda sinadarin ɗaya ne, alkiblar ma ɗaya za ta kasance.

Mai Injin:
To nan gizo ke saƙa. Ke ɗigonki galiyom ne zalla. Duk asinik ɗin da kika ƙara, galiyom ɗin ɗigon yake ci ya mai da shi kiristal. Ɗigon naki ya rame ne. Ita zinare ba ta ƙarewa, ko an zuƙe mata galiyom tana nan zaune. Kin duba girman ɗigon a hotunan SEM, madubin lantarki mai nuna siffar waje, na farko da na biyu?

Ɗalibar Fiziks:
Na koma na duba yanzu. A na farko ɗigon ya fi wayar faɗi sosai, kamar kan ashana. A na biyu ya ɗan wuce rabin ƙwallo ne kawai. Wallahi ban ba shi muhimmanci ba, hankalina na kan jikin wayar.

Tsohon Malami:
Alhamdulillah, ga amsarki a hannunki. Abin da ke yanke hukunci ba maɓallin da kika murɗa ba ne, siffar da ɗigon ya ɗauka ce, musamman kusurwar da ya yi da saman wayar. A 2016 masu bincike daga Jami'ar Lund ta Suwidin da na IBM suka tsirar da GaAs a cikin TEM suna kallo da idonsu. Suka ga in ɗigon ya kumbura, gefen saman wayar yakan sami wata 'yar sara, ɗigon ya leƙa ya jiƙa ta, sahu ya fito a ZB, kuma cikin ƙiftawar ido. In ɗigon ya ragu, sarar ta ɓace, saman ya zama shimfiɗaɗɗe, sahu ya faro daga baki ya yi ta rarrafe a hankali, ya fito a WZ. A 2020 wasu a Faransa suka yi irin wannan da ɗigon galiyom, irin naki, suka sa lambobi: in kusurwar ta haura kimanin digiri 125 ZB ce, tsakanin 100 da 125 WZ ce, ƙasa da 100 kuma ZB ta dawo, wayar tana tsukewa. Wato WZ taga ce a tsakiya, ZB na jiran ki a ɓangarori biyu. Ke kina sama da 125, kika ƙara asinik, kika faɗa cikin tagar.

Mai Shakka:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja. Ba na musun abin da suka gani, amma ana neman a mai da waɗannan lambobi biyu kamar saukakku. A cikin TEM matsin iskar ba irin na injin gaske ba ne, tsiron a hankali yake tafiya, ga hasken lantarkin na'urar yana dukan wayar duk tsawon lokacin, kuma waya ɗaya ko biyu ake kallo ba miliyoyi a kan faranti ba. Sannan kafin 2016 an daɗe ana bayyana abin da cikar ɗigo, ba da kusurwa ba. Glas da Harmand da Patriarche a 2007 sun ce WZ na fitowa ne in abu biyu sun haɗu: ƙwayar sahun ta faro a bakin da ruwa da tururi da kiristal suka haɗu, kuma ɗigon ya cika ya wuce wani mataki. Ina aka kai wannan sharaɗi na biyun? An jefar da shi ne don an sami bidiyo mai kyau?

Tsohon Malami:
Ba a jefar ba, kuma ka yi daidai da ka tuna mana. Ni a ganina biyun ba kishiyoyi ba ne. Bayanin 2007 ya ce in ƙwayar ta faro a mahaɗar uku, gefenta ɗaya yana fuskantar tururi, kuma wannan gefen ya fi araha in an jera shi a tsarin WZ. Sai dai akwai bashin 24 meV da za a biya, shi ya sa sai ɗigon ya cika sosai. Abin da kusurwa ta ƙara shi ne ta gaya mana yaushe ne mahaɗar ukun ke buɗe wa ƙwayar ƙofa. In akwai sara a gefe, ƙwayar ba ta samun wurin zama a bakin, sai ta faro daga ciki, inda ruwa ya kewaye ta ko'ina, a nan kuwa babu dalilin da zai sa ta bar ZB. Kusurwa ta zaɓi wuri, cikar ɗigo ta biya kuɗi.

Mai Shakka:
Na yarda da wannan haɗin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki 100 da 125 a kai su kan InAs ko InP ko ɗigon zinare ba tare da an auna ba. Lambobin sun dogara da makamashin fuskar ruwan da na gefen wayar, su kuma suna canzawa da sinadari, da zafi, har da abin da ya manne a jikin wayar daga tururi.

Mai Injin:
A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Kuma akwai hujja daga Lund ɗin ma. A 2013 sun nuna cewa da canza kwararar rukuni na biyar kaɗai ana iya sauya tsari a InAs da GaAs da InP da GaP, kaɗan ya ba da WZ, da yawa ya ba da ZB. Bayan shekara biyu suka faɗaɗa gwajin a GaAs suka ga in an rage asinik ɗin sosai, ZB na dawowa. Wanda ya tsaya a rabi ɗaya zai rantse ƙarin asinik ZB yake kawowa, wanda ya tsaya a ɗaya rabin zai rantse WZ yake kawowa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Ɗalibar Fiziks:
Ikon Allah. Wato da na ƙara asinik fiye da haka, da ZB ta dawo?

Mai Injin:
Da ta dawo, amma da kin yi asarar ɗigon. Da galiyom zalla, in kusurwar ta faɗi ƙasa da 100 wayar na tsukewa, in kuma ba a yi sa'a ba ɗigon ya ƙare gaba ɗaya, tsiron sama ya tsaya, sai kauri kawai. Ki duba kan wayoyinki na farko da kyau. In kin rufe galiyom kika bar asinik a buɗe lokacin da kike sanyaya farantin, za ki ga ZB, sai guntun WZ, sai 'yar hular ZB a ƙarshe. Ɗigon ne ya bi ta matakan uku yana mutuwa, ya bar tarihinsa a rubuce.

Ɗalibar Fiziks:
Akwai shi! Na ga wannan guntun tun watan jiya, na rubuta a littafina cewa datti ne.

Mai Auna Haske:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Tambayata ga 'yar'uwa: da me kika tabbatar WZ ce, kuma daga wace fuska kika kalli wayar? Ina tambaya ne don na taɓa cin wannan tuntuɓe. In kika kalli waya ta alkiblar kiristal da ake kira 112, tagwaye ba sa bayyana, sai ki ga kamar kiristal ɗin ba shi da aibi ko ɗaya. Sai an juya ta da digiri 30 zuwa alkiblar 110 sannan jerin ABC ko AB ke fitowa fili. Na taɓa kai wa shugaban bincikenmu hoto ina ta murna na samu waya tsarkakakkiya, ya ce in je in karkata ta. Na dawo jiki a sanyaye.

Ɗalibar Fiziks:
Ta 110 muka duba, Yaya, kuma mun ɗauki hoton watsuwar lantarki. A gindi ɗigogin hasken da ke hoton biyu-biyu ne irin na tagwaye, a sama kuma jerin WZ ne sarai.

Mai Auna Haske:
To madalla. In kuna da Raman, injin da ke haska waya da leza ya auna rawar atam ɗinta, ki gwada shi ma, don TEM waya biyar ko goma kawai zai nuna miki. WZ a GaAs tana da wata alama wajen 256 a ma'aunin Raman, wadda ZB ba ta da ita, ita tata tana wajen 268 da 291.

Ɗan Kallo:
Ni fa har yanzu ban ga abin tashin hankali ba. Atam ɗin nan su ne dai, galiyom da asinik. In sun jeru AB ko ABC, ina ruwan wanda zai yi amfani da na'urar?

Mai Auna Haske:
Ruwansa da yawa. Lantarki ba atam kaɗai yake gani ba, yana ganin yadda aka jera su. A InP tazarar makamashin WZ, wato tsallen da lantarki ke yi in zai fitar da haske, ta fi ta ZB da kusan 80 meV, ka ga launin hasken da wayar za ta fitar ya canza. A GaAs tazarar kusan ɗaya ce, wajen 1.42 eV (eV ɗaya meV dubu ne), amma matakan sun goce wa juna, har lantarki ya fi son zama a ɓangaren ZB, gurbin da ya bari kuma ya gudu ɓangaren WZ. In waya ta cakuɗe ba tsari, sai ta zama hanya mai ramuka: masu ɗaukar caji, wato lantarki da gurbin, na maƙalewa, hasken ya bazu a kan launuka da yawa maimakon ɗaya.

Amma in kai ne ke da iko a kan sauyin, aibin ya zama kayan aiki. Guntun ZB a tsakiyar WZ na iya kama lantarki ɗaya ya riƙe, kuma iyakarsa kaifi ɗaya ce har matakin atam, tunda ba sinadari biyu aka gauraya ba. Babban misalin da na fi so shi ne na Eindhoven a Holan. Silikon na yau da kullum ba ya fitar da haske da kirki, shi ya sa ba a yin leza da shi. Sai suka tsirar da GaAs a tsarin WZ tsantsa, suka lulluɓe ta da haɗin silikon da jamaniyom. Lulluɓin ya kwaikwayi jerin da ya tarar, ya fito mai kusurwa shida. A 2020 suka nuna cewa in jamaniyom ya wuce kashi 65 cikin ɗari, haɗin yana fitar da haske sosai. Da akwai kurakurai a wayar ta ciki, da lulluɓin ya kwafe su duka.

Mai Shakka:
Gaskiya ne, sai dai a yi hattara da zumuɗi. An yi irin wannan murna da GaP na WZ a 2013, daga baya aka gane cewa ko da tazarar tasa a miƙe take, irin wadda ake so don fitar da haske, hasken da ke fita ta nan mai rauni ne. Kuma fitar da haske daban, leza a kan cif daban.

Tsohon Malami:
Haka ne. Wani abu da ban ji an taɓo ba shi ne faɗin wayar. Tun 1992 masu bincike a Hitachi ta Japan suka ga WZ a irin waɗannan wayoyi, kuma bayanin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne na fata: gefen WZ yana da ƙarancin hannayen atam da suka rasa abokin riƙo, don haka in waya ta yi siranta har fatarta ta rinjayi cikinta, WZ ta fi sauƙi. Lissafin daidai ne, amma ga wayoyi sirara ƙwarai yake aiki. Da aka yi ta ganin WZ a wayoyi masu faɗin nanomita 100, dole aka yarda cewa ba wanda ya fi kwanciyar hankali ke nasara ba, wanda ya riga farowa ne. Duk da haka faɗi na da tasiri. A InAs, aikin Lund na 2009 ya nuna sirara na yin WZ, masu kauri na komawa ZB, har da tagwaye masu maimaita kansu a tazara daidai.

Mai Injin:
Zafi ma haka yake da fuska biyu, Malam, shi ya sa nake jin haushi in na ga an rubuta wai zafi kaza na ba da tsari kaza. A MOCVD sai iskar asin da tiraimetilgaliyom, masu kawo asinik da galiyom, sun farfashe kafin su ba da atam, kuma ba a zafi ɗaya suke farfashewa ba. Ka ƙara digiri 20, ka canza ainihin rabon biyar da uku ba tare da ka taɓa famfo ko ɗaya ba. A MBE kuma zafi na canza nisan da galiyom ke rarrafawa a jikin wayar kafin ya isa ɗigon, da yawan wanda ke tashi ya gudu. Shi asinik ba ya rarrafe da nisa, sai wanda ya faɗo kan ɗigon kai tsaye ko ya yi tsalle daga maƙwabta. Ko cunkoson wayoyin a kan faranti na canza lissafin, don suna rabon galiyom ɗaya ne. Ƙanwata, shi ya sa WZ ɗinki a sama ta fito ba a gindi ba: da wayar ta yi tsawo, galiyom ɗin da ke hawowa daga faranti ya daina isowa, ɗigon ya ci gaba da ramewa har ya tsallaka 125.

Kuma kada ki yarda da zafin da allon injin ke nuna miki. Ma'aunin yana bayan farantin ne, ba a fuskarsa ba. Ni da farantin GaAs nake daidaita nawa, fatar oksaid ɗinsa na tashi wajen digiri 580, sai in ga me allon ya ce a lokacin.

Ɗan Kallo:
To me ya hana ta sa zinaren kawai, tunda shi ba ya ƙarewa?

Ɗalibar Fiziks:
Wannan na san amsarsa! Zinare guba ne ga silikon. In ya shiga ciki yana kama masu ɗaukar caji ya kashe su da wuri, masana'antun cif ba sa barin sa ya kusanci layinsu. Tunda burinmu a ɗora wayoyin a kan silikon ne, gara mu sha wahalar galiyom.

Malam, yanzu shawara nake nema. Ina son ZB marar tagwaye. In koma baya in ƙara galiyom?

Tsohon Malami:
Ki koma, amma ki sani nisa da tagar ne ke rage tagwaye, don kowane tagwaye sahu ɗaya ne da ya ɗanɗana WZ ya dawo. Matsalar ita ce in ɗigon ya kumbura da yawa wayar za ta yi ta faɗi tana hawa, wani lokaci ma ɗigon ya zame ya gangaro gefe, wayar ta karkace. Akwai masu kauce wa rigimar gaba ɗaya ta hanyar tsirar da wayar a alkiblar kiristal ta 100 maimakon 111 da aka saba, an yi haka da InP aka samu ZB ba kuskure, amma shawo kan wayar ta bi wannan alkibla wani aikin ne na daban.

Mai Shakka:
Ni da ni ne, ba zan ɓata faranti goma ina canza abu ɗaya-ɗaya ba. Zan yi tsiro guda, in riƙe galiyom da zafi yadda suke, in rinƙa hawa da asinik mataki-mataki, ina sa 'yar alamar aluminiyom a farkon kowane mataki. Waya ɗaya a TEM za ta nuna miki inda injinki yake tsallaka iyakar, da lambobinsa ba na wani ba.

Mai Injin:
Dabara ce mai kyau, amma alamar ta zama gajeriya sosai, don aluminiyom ɗin ma yana shiga ɗigon ya taɓa abin da kake son aunawa. Kuma a ba kowane mataki lokaci. Ɗigo ba ya ramewa nan take, sai ya ɗauki mintoci kafin ya daidaita da sabon yanayi, in kika yi gaggawa iyakar za ta bayyana a matakin da ba nata ba.

Ɗalibar Fiziks:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na nemi injin ranar Talata. Zan yi matakai shida, kuma a ƙarshe zan rufe galiyom da asinik lokaci ɗaya in sanyaya da sauri, don ɗigon ya tsaya yadda yake in auna kusurwarsa.

Mai Auna Haske:
Ki ajiye min gefen farantin kafin ki kankare wayoyin zuwa TEM. Ina son in ga ko 256 ɗin za ta fito.